Layin Ƙarfe a Kasuwar Juma'a ta Wudil

Duk wanda ya ji an ambaci kasuwar Wudil, shanu ne ke fara zo masa a rai, kuma da gaskiyarsa. Tun daren Alhamis manyan motoci ke jeruwa a bakin kara, ran Juma'a ƙura da kukan dabbobi da hayaniyar dillalai su cika gari, kafin magariba a yi lodi a nufi Kudu. Ni kuwa da na tashi a garin, aiki ya kai ni nesa, in na zo gida can gefe ƙafata ke ja na, inda ake shimfiɗa buhu a ƙasa a jera fartanya da lauje da gatari, da inda samari ke kasa sufana da filaya a kan tebur. Cinikin shanu sai mai jari. Kayan ƙarfe kuwa babu gidan da ya fi ƙarfin neman su, daga na attajiri har na mai facin taya.

A layin nan ba ka bukatar kalanda. In ka ga mutanen Utai da Indabo da Lajawa sun yi dafifi a kan fartanya da sungumi, suna ɗagawa suna gwada nauyi, to hadari ya fara haɗuwa a gabas. In lauje da magirbi suka hau gaba, kaka ta yi. Da rani masu lambu a bakin kogi ke zuwa neman shebur da tiyo da sufanar filogi, don injin ban ruwa ba ya sanarwa kafin ya tsaya. Masu ɗibar yashi a ƙarƙashin gada su ba su da lokaci, kullum cikin cinye bakin shebur suke. Bafulatanin da ya sayar da bijiminsa ma ba ya kama hanya sai ya biyo ta nan ya ɗauki adda da igiya da kwaɗon ƙofa.

Lokacin ƙuruciyarmu kayan aikin gida ba su da yawa: gatari, fartanya, dagi, guduma, wuƙa, basilla, sai dutsen washi a gindin bango. Ana rataye su a zaure ko a tura ƙarƙashin rumbu. Maƙwabta na aro, kuma ba a rikicewa, domin kowa ya san gatarin gidan wane daga ƙotarsa. Yanzu gida ya tara babur da janareta da sola da famfo, don haka magidanci na bukatar filaya da sukudireba da salatef da sufana biyu ko uku, in ba haka ba ya riƙa kiran mai gyara kan abin da bai kai ya kawo ba. Wannan ya sa layin ya rabu biyu, na wuta da na kwali, kuma na kwalin kullum ƙara cin wuri yake.

A ɓangaren wuta akwai wani dattijo da na fi daɗewa a wurinsa. A ƙauyensu yake ƙira duk mako, ran Juma'a ya ɗauro kaya ya zo, ya hura 'yar wuta don masu kawo gyara. Uwar maƙerarsa guntun kwangiri ce da ya gada. Zuga-zugin fatar akuya da na sani a da ya tafi, yanzu jikansa ne ke juya ƙafar keke da aka haɗa da fanka, iska na bi ta bututu zuwa gawayi. Masaba da awartaki dai suna nan yadda suke, hannu ya side su har suna ƙyalli.

Ba kowane ƙarfe yake karɓa ba. Gatari da adda sai sifirin ɗin babbar mota, don shi ke riƙe kaifi. Fartanya daga faranti mai kauri ake yanko ta, dagi daga rodi. In aka kawo masa guntun ƙarfe sai ya ɗaga ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne, daga amon ya san ko zai yi aiki. Gawayi ma yana da zaɓi, na ƙirya ya fi so, saboda zafinsa da jimirinsa a wuta. Inda gwanintar take shi ne wajen tsomawa a ruwa. Bakin kawai yake tsomawa, kuma yana duban launin ƙarfen kafin ya yi. In aka yi gaggawa gatari ya yi gautsi, ranar da ya haɗu da busasshen icce sai ya ɓalle. In aka yi sanyin hannu ya yi laushi, sara kaɗan ya dakushe. Babu agogo, babu ma'aunin zafi, ido ne da shekaru. Sannan ƙota: reshe mai gaɓa yake nema, ya gasa wutsiyar ƙarfen ta yi ja, ya huda iccen da ita, ta zauna daram. Na ga ya sa wani manomi ya sunkuya kamar yana noma, ya dube shi, ya ajiye fartanyar da mutumin ya zaɓa ya miƙa masa wata mai doguwar ƙota. Ya ce waccan za ta kashe masa baya kafin a yi maimai.

Sana'ar nan ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Gaya na nan kusa da mu, kuma tarihin baka ya ce daga can Abagayawa suka tashi, maƙera masu neman tama, suka sauka a gindin Dala, har ana cewa sunan ɗayansu, Kano, shi birnin ya ɗauka. Kakannin dattijon nan da kansu suke haƙo tama su narka. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turawa da tarkacen inji suka yawaita, narkar tama ta mutu a hankali, maƙera suka koma dogaro da abin da mota da jirgi suka yar. Shekara da shekaru hakan bai dame su ba, domin tsohon ƙarfe kusan kyauta ne.

Yau ba haka ba ne, kuma nan kukansa yake. 'Yan gwangwan sun bi gari da ƙauye da sikeli, suna saye a kilo, ana loda tireloli zuwa kamfanonin da ke narkawa su yi rodin gini. Sifirin ɗin da bakanike kan ba shi don a gaisa, yanzu sai ya yi takara da mai sikeli a kansa. Ƙirya ta yi wuya a dajin da ya rage, buhun gawayi ya yi tsada. 'Ya'yansa biyu, ɗaya ya koma walda, ɗaya yana jan Adaidaita Sahu a birni. Bai zarge su ba. Ya ce mai walda in akwai wuta ko mai a janareta zai haɗa ƙofa ɗaya ya sami abin da shi ba ya samu a fartanya goma.

Na ɗauki wani gatari na juya shi.

"Baba, sannu da aiki. Wannan fa?"

"Taya, Alhaji."

"Dubu huɗu."

"Albarka." Ko ɗagowa bai yi ba, yana ta koɗa bakin wata garma.

"To a faɗa mini gaskiyarsa."

"Takwas. Ɗaga ka ji. Sifirin ne, ba ƙarfen gado ba."

"Baba, a duba dai. Biyar."

"Biyar ko kuɗin ƙarfe da gawayi ba su fita ba, ɗana. Yaron nan da ke juya keke fa, ba zai ci abinci ba?"

Muka yi ta ja, ni ina ƙara ɗari biyar-biyar, shi yana sauka da ƙyar, har muka tsaya a dubu shida da ɗari biyar. Ya ce ya sallama, Allah ya sa a mora. Ya karɓi gatarin ya ƙara wasa shi, ya buga ƙotar a ƙasa don ta ƙara zama, ya ce duk ranar da ya dakushe in aiko da shi, ba sai na biya ba. Ciniki al'adarmu ce, kuma shi kansa ba zai ji daɗi ba in ba a taya ba. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda na ga mutane na matse dattijon nan har sai ya sayar a bakin uwar kuɗi, alhali su ɗin ne za su matsa gaba kaɗan su biya abin da aka faɗa a kan kayan kwali ba musu, don kawai an naɗe shi a leda.

Teburan kwalin ba a raina su, don su ma suna biyan bukata. Samari ne ke riƙe da su, suna saro kaya daga Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, mafi yawa ƙirar Sin. Akwai guduma, zarto, tef ɗin awo, cokalin birkila, almakashin kwano, ƙusa kala-kala, jak, sufana daga lamba 8 har 32, da injin huda bango ga mai hali. Wani daga cikinsu, mai gaskiya, ya jera mini filaya uku masu kama ɗaya, ya ce wannan ta bakanike ce, wannan ta gida, wannan kuwa shi ba ya ba wanda ya sani. Duk an buga sunan Jamus a jikinsu. Jabun sufana ranar farko take buɗe baki, ta cinye kan noti, aikin minti biyar ya koma na yini. Jabun guduma kanta ke fita ya tashi sama, Allah ya kiyaye na kusa. Shebur ya naɗe a yashi. Araha ba ta ado, kowa ya sani, sai dai mai dubu biyu a aljihu ba shi da zaɓi. Kuma in ta karye babu inda za a kai ta, sai buhun ɗan gwangwan. Shi ya sa tsofaffin sufanu na hannu, waɗanda suka yi baƙi don aiki, sun fi sababbi tsada, kuma bakanike na ganinsu yake wawura.

Tsadar kayan nan kuwa kowa ya san mafarinta. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota daga Kano ya bi ta. Aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ya hau jirgin ruwa ya zo sai da ya ninka. Mai tebur ya ce sau da yawa yakan sayar da kaya ran Juma'a, ya je sari ran Litinin ya tarar kuɗin ba za su sayo abin da ya sayar ba.

A nan ne raina ke ɓaci. Ƙasar da ke da tama a Itakpe, ta fara gina kamfanin ƙarfe na Ajaokuta tun 1979 da taimakon Tarayyar Sobiyet, har yau babban tanderun narkarsa bai taɓa aiki ba. Sufana mai lamba 10 sai an yo mana ita daga wata nahiya. Wudil kuma ba garin da ya jahilci aikin hannu ba ne. A makarantar koyon sana'a ta garin nan Rabi'u Musa Kwankwaso ya yi karatu, kuma a zamanin mulkinsa na farko aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Tsakanin azuzuwan injiniya da wutar dattijon nan tafiya ce ta 'yan mintuna a babur. Ina son ganin ranar da ɗalibi zai zo ya tsuguna gabansa da littafi, ya rubuta abin da idonsa ya sani game da launin ƙarfe, shi kuma a taimaka masa da murhun da ba ya cin gawayi da yawa da injin washi. A yanzu dai waɗanda ba sa mantawa da shi su ne masu yankan rasit. Suna zuwa da hantsi, ko an yi ciniki ko ba a yi ba, kuma da damina layin nan taɓo ne har idon sawu, rumfa kuwa kowa shi ke kafa tasa.

Wanda tsadar ta fi dannewa, a ganina, shi ne yaron gareji. A da in yaro ya gama koyo aka zo yaye, maigidansa da iyayensa kan haɗa masa akwatin kayan aiki, a yi addu'a, a raba goro, ya tafi ya buɗe nasa wurin. Yanzu akwatin ya fi ƙarfin yawancin iyaye, maigidan ma nasa kayan a ƙirge suke, da dare yake kulle su. Sai ka ga saurayi ya iya aiki sarai, ya san ciwon inji daga ƙararsa, amma yana nan ƙarƙashin wani shekara da shekaru don ba shi da abin kwance noti.

Bayan an sauko daga masallaci na ga wani irinsa a teburin mai filaya uku. Rigarsa duk baƙin mai, gyaran babur yake koyo a bakin titin Maiduguri. Ya zaɓi sufana uku daga cikin na hannu, lamba 10 da 12 da 14, ya gwada kowace a kan notin da ya zo da shi a aljihu. Ya ƙirga kuɗinsa sau biyu, ba su kai ba. Ya ce kuɗin abincin da ogansa ke ba shi yake ragewa, wata uku ke nan yana tara kaya ɗaya-ɗaya, yana da filaya da sukudireba biyu a gida.

"Yaya, a rage mini mana."

"Wallahi ƙanena, a haka na saro su. Ɗauki biyu."

Ya ɗauki 10 da 12, don su babur ya fi ci. Mai teburin ya ɗauke ta ukun daga cikin kaya, ya jefa a aljihun jakarsa, ya ce ba zai sayar wa kowa ba, ya zo da cikon kuɗin Juma'a mai zuwa.