Sakamakon Sababbin Bincike da Iyakarsa: Yadda Ya Kamata Ya Shiga Darasin Hausa

1.0 Gabatarwa

Littattafan Hausa na firamare da ƙaramar sakandare cike suke da darussan auna fahimta a kan lafiya da noma da tarihi. Saboda haka, ɗalibai da yawa daga bakin malamin Hausa suke fara jin labarin wani sabon bincike cikin harshen da suke ganewa sosai. Abin da suka ji a aji kuwa yakan bi su gida, ya shiga kunnen iyaye, wani lokaci har a yi aiki da shi a gona ko a asibiti.

A wannan maƙala mun ɗauki bincike uku na 'yan shekarun nan da suka shafi Nijeriya, ɗaya daga likitanci, ɗaya daga kimiyyar noma, ɗaya kuma daga tarihi. Manufarmu ita ce mu nuna cewa kowane sakamako yana zuwa da iyakarsa, wato wurin da masu binciken suka tsaya, kuma a yayin taƙaita shi zuwa jimla ɗaya ko biyu ta Hausa ne wannan iyaka takan salwanta. Idan ta salwanta, sai littafi ya faɗi abin da masu binciken ba su faɗa ba.

2.0 Likitanci: Rigakafin Zazzaɓin Cizon Sauro

Kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke. A watan Oktoba na 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar rigakafi ta farko, mai suna RTS,S, bayan an fara amfani da ita a wasu yankunan Ghana da Kenya da Malawi tun daga 2019. A babban gwajin da aka yi tun farko, allurar ta rage kamuwa da cutar da kimanin huɗu cikin goma a tsawon shekara huɗu, ga yaran da aka yi wa sau huɗu.

A watan Oktoba na 2023 hukumar ta amince da ta biyu, R21, wadda Jami'ar Oxford ta samar. An gwada ta a kan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. A wuraren da cutar ke bin damina, aka kuma yi allurar dab da shigowar lokacin, kamuwa ta ragu da kashi 75 cikin 100 a cikin wata 12; a sauran wuraren kuwa da kashi 68. Wannan ita ce Nijeriya ta fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba na 2024.

A nan akwai tarko biyu ga marubucin darasi. Na farko yana cikin kalmar "rigakafi" kanta. Bahaushe ya ce rigakafi ya fi magani, kuma a fahimtar mai sauraro wanda aka yi wa rigakafi ya tsira ke nan. Idan littafi ya ce allurar tana hana zazzaɓi, uwa na iya naɗe gidan sauro, alhali hukumar ta ce a haɗa allurar da gidan sauro da sauran matakai. Aikatau ɗin da ya dace shi ne "rage". Tarko na biyu shi ne adadin. "Kashi 75 cikin 100" ba ya nufin yara 75 cikin kowane 100 ba za su ƙara yin zazzaɓi ba har abada. Kwatanci ne tsakanin rukuni biyu, waɗanda aka yi wa wannan allura da waɗanda aka yi wa ta cutar haukan kare, a cikin ƙayyadadden lokaci. Jimlar da ta kawo adadin ba tare da lokacin da yanayin wurin ba, ta bar rabin bayanin a baya.

3.0 Kimiyyar Noma: Wake Mai Jure wa Tsutsa

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake, kuma daga cikin manyan abokan gabar manomi akwai tsutsar da masana ke kira Maruca, wadda ke cin fure tana huda kwanso. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta haɗa gwiwa da masu bincike na ƙasar Ostareliya da wasu cibiyoyi, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, suka samar da irin da aka sa wa suna SAMPEA 20-T. An ɗauko ƙwayar gado ɗaya daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a cikin ƙasa aka sa wa waken, ta yadda shukar ke samar da sinadarin da ke kashe wannan tsutsa idan ta ci. Hukumomi sun amince da shi a 2019, a watan Disamba na shekarar kuma aka yi masa rajista a matsayin irin da manoma za su iya shukawa.

Abin da masu binciken suka bayyana shi ne, manomin da ke feshi sau shida zuwa takwas a damina zai iya komawa sau biyu. Ba su ce an daina feshi ba, domin irin ba ya kare shuka daga sauran ƙwari masu tsotsar ganye da kwanso, haka nan ba ya kare waken daga ƙwaron da ke cin sa a rumbu ko a buhu.

Matsalar harshe a nan ita ce ta gamayya da keɓancewa. Kalmar "ƙwari" tana tattare duk halittun da ke ɓata amfanin gona. Da zarar an rubuta "wake mai jure wa ƙwari", an faɗaɗa sakamakon daga tsutsa guda zuwa ƙwari duka, kuma ɗalibin da ya kai wannan bayani gida zai iya jawo wa mahaifinsa asara. Har ila yau, akwai ƙungiyoyi a Nijeriya da ke adawa da irin da aka sauya wa ƙwayar gado. Darasi mai adalci zai faɗi abin da aka gwada da hukumar da ta amince, ya kuma ambaci cewa akwai masu jayayya, domin ɗalibi ya koyi rarrabe sakamakon gwaji da ra'ayin jama'a.

4.0 Tarihi: Al'ummar Nok

Mai karatu zai iya zaton tarihi ba ya sauyawa kamar likitanci ko noma, amma binciken Nok ya nuna akasin haka. A 1928 aka fara tsintar mutum-mutumin yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, kuma Bernard Fagg ya yi nazarin irinsu daga shekarun 1940. Littattafan makaranta sun daɗe suna cewa wannan al'umma ta rayu daga shekara ta 500 kafin Miladiyya zuwa ta 200 Miladiyya.

Daga 2005 masana na Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, a ƙarƙashin Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya, suka yi tono a wurare da dama. Awon shekarun abubuwan da suka tono ya mayar da farkon al'ummar zuwa wajen shekara ta 1500 kafin Miladiyya, ya kuma nuna cewa mutum-mutumin sun bayyana ne daga baya, wajen shekara ta 900 kafin Miladiyya. An kuma gano cewa mutanen suna noman gero da wake. A 2021 masana na Jami'ar Bristol da ke Ingila, tare da na Frankfurt, suka buga nazarin da suka yi wa guntayen tukwane fiye da 450. Kaɗan daga cikinsu ne suka riƙe ragowar maiƙon da za a iya aunawa, kuma a cikin waɗannan kimanin kashi ɗaya bisa uku na ɗauke da alamar kakin zuma.

Iyakar wannan sakamako a fili take. Kakin zuma a tukunya yana nuna an yi amfani da abin da ƙudan zuma ke samarwa, amma bai tabbatar da cewa ana kiwon zuma a amya ba. Haka kuma yumɓu ba ya faɗin harshen da maginin tukunya ke yi, kuma sunan "Nok" na ƙauyen da aka yi tsintuwar ne. Don haka jimlar da ta danganta waɗannan mutane da wata ƙabila ta yau a matsayin tabbas ta wuce inda hujja ta tsaya.

5.0 Kayan Aikin da Harshen Ya Tanada

Wasu na ganin Hausa ba ta da kalmomin da za su ɗauki irin wannan taka-tsantsan. A ganinmu harshen yana da su, amfani da su a littattafan makaranta ne ya yi ƙaranci. A ajin aikatau akwai bambanci tsakanin "rage" da "hana" da "kawar da". Wajen adadi akwai "kimanin" da "wajen" da "aƙalla" da "fiye da". Wajen ƙarfin hujja akwai matakai: "an tabbatar", "an gano", "alamu sun nuna", "ana kyautata zaton". Lokacin sabo, kamar a "yakan rage", yana nuna abin da ke faruwa galibi ba tare da alƙawarin kullum ba. Gangar sharaɗi mai farawa da "idan" ko "muddin" kuwa ita ce mazaunin yanayin da aka yi gwaji a cikinsa. Duk waɗannan suna cikin nahawun da ake koyarwa, sai dai ba a cika haɗa su da darasin auna fahimta ba.

6.0 Shawarwari

(a) Duk darasin da ya kawo sakamakon bincike ya faɗi shekarar da aka yi shi da wurin da waɗanda suka yi shi, domin malami ya san lokacin da bayanin ya tsufa.

(b) A cikin tambayoyin auna fahimta a sa aƙalla guda da ke neman ɗalibi ya faɗi abin da binciken bai nuna ba.

(c) A darasin nahawu a ba ɗalibai jimloli biyu masu kama da juna, kamar "allurar tana hana zazzaɓi" da "allurar takan rage zazzaɓi", su bayyana abin da uwa za ta aikata idan ta ji kowacce.

(d) Kwamitin duba littafi ya ƙunshi masanin fannin tare da masanin harshe, kuma a karanta wa masanin fannin jimlar Hausar kanta, domin a nan ne kuskuren yake shiga.

(e) Duk lokacin da za a sake buga littafi, a bi shekaru da adadin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya.

7.0 Kammalawa

Mun duba bincike uku daga fannoni daban-daban, muka ga cewa a kowanne kalma ɗaya ko biyu ce ke raba abin da aka gano da abin da aka ƙara masa: "hana" a maimakon "rage", "ƙwari" a maimakon sunan tsutsa guda, "an tabbatar" a maimakon "alamu sun nuna". Gyaran waɗannan ba ya bukatar ƙarin darasi a jadawali ko sabon ɗakin gwaji. Muna ba da shawarar masu tsara manhaja su fara da darussan lafiya na ƙaramar sakandare, domin a nan ne kuskuren jimla ya fi saurin shafar lafiyar yaro a gida.