Zaiba a Cikin Bola



Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kuwa Katako ta birnin Yamai da hantsi, sa'ad da ƙarar guduma ta cika kunne har mutum ba ya jin maganar na kusa da shi, ya tabbata cewa mutanenmu ba su jira wani ya ƙetaro teku ya koya musu hikimar raya abin da ya mutu ba. A nan ne za ka ga tsohuwar ganga an tsaga ta an miƙar, ta zama akwati ko ƙyaure. Gwangwanin madara ya zama mazurari ko aci-balbal. Tsohuwar taya ta zama takalmi. Sa'an nan gwangwanayen lemo an narkar da su an zuba cikin ƙirar yashi, sun fito tukwane waɗanda ake girkin biki da suna a cikinsu. Ɗan gwangwan ɗin nan mai tura baro lungu-lungu, wanda jama'a ke yi wa kallon raini, shi ne tushen wannan arziki duka, kuma ni a wurina sana'arsa abar girmamawa ce, domin malamanmu sun daɗe suna tsoratar da mu game da israfi da almubazzaranci, shi kuwa kullum aikinsa ke nan ya tsince abin da israfinmu ya zubar.

Amma akwai abu guda a cikin bolar nan wanda guduma da wuta ba sa gyara shi, sai dai su tayar da sharrinsa, watau zaiba, wadda wasu ke kira makuri. Ƙarfe ce, amma Allah cikin ikonsa ya halicce ta ruwa-ruwa, fara fat mai ƙyalli, nauyinta kuwa ya fi na ruwa sau 13. Magabata sun yi mamakinta ƙwarai, har malaman kimiyya na zamanin Jabir ibn Hayyan suka ɗauka cewa daga ita da kibiritu ne dukan ƙarafa suka samu asali. Mahaƙarta mafi shahara a duniya kuma, Almaden ta ƙasar Andalus, daga kalmar Larabci ta ma'adini ta samo sunanta. Ina tuna ranar da ma'aunin zafin jiki ya suɓuce ya fashe a gidanmu muna yara, muka ruga muka tattara 'yan ƙwayoyin nan masu gudu a kan daɓe, muka riƙa mirgina su a tafin hannu, in ka danna ɗaya ta watse ta zama goma, in ka tara su su koma ɗaya. Ba wanda ya tsawata mana, domin ba wanda ya san cewa tana fitar da tururi marar launi marar wari ko ba a kai ta wuta ba, kuma huhu na shanye mafi yawansa ya miƙa shi ga ƙwaƙwalwa.

Duniya ba ta san iyakar wannan sharri ba sai da musiba ta auka wa Minamata, wani garin masunta a kudancin Japan. Tun daga 1932 masana'antar kamfanin Chisso ke zubar da ruwan dattinta mai zaiba a cikin tekun da mutanen garin ke kamun kifi. Kyanwoyi ne suka fara nuna alama, suna tangaɗi suna juyi kamar masu bori har su faɗa ruwa, tsuntsaye suna faɗowa daga sama. A 1956 kuma likitoci suka ba da rahoton wata cuta da ba su san kanta ba, mai sanya gaɓoɓi su mutu, gani ya ƙuntata, harshe ya karye. Abin da ya fi tsuma zuciya shi ne mata waɗanda su kansu ba su ji ciwo sosai ba suka riƙa haihuwar 'ya'ya nakasassu, domin dafin ya ratsa mahaifa ya tare a jikin ɗan tayi. Sai a 1968 gwamnati ta amsa a hukumance cewa masana'antar ce sanadi, bayan shekara 12 ana ta jayayya, kuma waɗanda aka tabbatar sun kamu sun haura 2,000. Don tunawa da su aka raɗa wa yarjejeniyar da ƙasashen duniya suka ƙulla a kan zaiba a 2013 sunan garin, ta fara aiki a 2017, Nijeriya da Nijar da Gana duk suna cikinta.

To, kada mai saurare ya ce Japan ta yi nisa. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa daga cikin tan 2,220 na zaiba da 'yan Adam suka saki cikin iska a 2015, wajen kashi 38 cikin ɗari daga ƙananan masu haƙar zinariya ya fito, irin waɗanda muke da su daga Anka da Bukkuyum har zuwa Jado. Ga yadda aikin yake: a niƙa dutse ya zama gari, a wanke, a zuba zaiba a cikin tasa, a yi ta murzawa da hannu tsirara har ta kame ƙurar zinariyar, a juye a ƙyalle a matse, sai ɗan dunƙule fari ya rage. Shi ake ɗorawa a cokali bisa garwashi, mutum ya sunkuya yana hurawa, idonsa a kai, har farin ya gushe rawaya ta bayyana. Farin nan da ya gushe bai halaka ba, domin wuta ba ta cin zaiba. Ya shiga hancin mai hurawa, ya lafe a bango da rufi da tufafi, saura kuwa ruwan sama ya kai shi rafi, inda ƙwayoyin halitta ke mayar da shi wani nau'i mafi muni, irin na Minamata, mai taruwa a jikin kifi. Bayan shekaru sai hannu ya fara karkarwa, barci ya ƙaurace, mantuwa da saurin fushi su shigo, a ce sammu ne ko iska, a yi ta neman magani inda ba ya nan. Annobar Zamfara ta 2010, wadda ta ci yara fiye da 400, dalma ce ta jawo ta, ba zaiba ba. Amma a cikin gidajen nan da aka niƙa dutsen, da zaiba ake kama zinariyar.

A nan ne fa nake ganin maƙeranmu suna da babban rabo na lada da na kuɗi. Akwai wata 'yar na'ura da ake haɗawa da guntayen bututun famfo: a sa dunƙulen a rufaffen kai, a ɗora bisa wuta, tururin ya bi ta bututu mai lanƙwasa, ya huce, ya ɗiga cikin kwanon ruwa ya koma zaiba kamar yadda take, a sake aiki da ita. In an yi ta da kyau, aka yi ƙunar a fili nesa da gida, aka kuma haƙura ta huce sarai kafin a buɗe, tana kama mafi yawan abin da da zai tashi. Mai haƙa ya huta da sayen sabuwa kullum, mai sayen zinariya wanda ke sake ƙona ta a ƙuntataccen shagonsa cikin kasuwa ya tsirar da kansa da maƙwabtansa. Hannun da ya iya fitar da tukunya daga gwangwani, wannan ba za ta gagare shi ba.

Mu da ke birni kuwa tamu zaibar tana rataye bisa kawunanmu. Dogon ƙwan lantarkin nan fari, da ɗan'uwansa mai murɗe-murɗe, kowanne da 'yar zaiba a cikinsa; haka ma'aunin zafi da na hawan jini na da, da wasu 'yan batura na agogo, da wasu mayukan bilicin. Ƙwai ɗaya abin da ke cikinsa kaɗan ne, amma a duba asibiti ko makaranta ko masaƙa mai ƙwai ɗari biyar, duk wanda ya mutu a jefa shi bola, yara su ɗauka su fasa don jin ƙararsa, ɗan gwangwan ya fasa don ya ciri ɗan ƙarfen bakinsa, da magariba kuma a cinna wa bolar wuta. Fukaha'u sun ƙa'idance cewa tunkuɗe ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani, ribar ɗan ƙarfen nan kuwa ba ta kai a saya ta da lafiyar yaro ba. Ƙasashen yarjejeniyar sun amince a 2023 a daina ƙera irin waɗannan ƙwayaye da cinikinsu zuwa ƙarshen 2027, ga kuma na LED da ba su da zaiba ba su kuma shan wuta sosai. Sai dai miliyoyin da ke rataye yanzu suna nan, amana ce a wuyan mai ma'aikata ya mayar da kowane matacce cikin kwalinsa, ya keɓe masa wuri busasshe, ya nemi hukumar kula da muhalli ta nuna masa inda za a kai. Kuma ina roƙon shugabannin 'yan gwangwan su sa wannan cikin dokokin ƙungiyarsu, kamar yadda suka hana sayen kayan sata.

In kuwa ƙaddara ta sa ƙwai ko ma'auni ya fashe a ɗaki, uwargida, a fitar da yara da mai juna biyu tukuna, a buɗe taga da ƙofa. Kada a sa tsintsiya, domin warwatsa ta take yi. A tuɓe zobe da warwaron zinariya, don zaiba na manne musu. A sa hannu cikin leda, a tattara da guntun kwali, a bi 'yan ƙananan da salatif, a zuba duka cikin kwalba mai murfi a ɗaure, a rubuta a jikinta. Ba a zuba ta a kwata, ba a jefa ta a murhu.