Masu Share Idon Tsohuwar Kyamara a Japan

Daga watan Yuni zuwa tsakiyar Yuli, damina kan sauka a Tokyo da danshi mai ratsa ko'ina, har cikin aljihun tebur. A lokacin ne hankalin masu tsofaffin kyamarorin fim yake tashi, domin fumfuna kan tsiro a jikin gilashi ta bazu kamar saƙar gizo, in an bar ta kuma ta cinye rufin gilashin. Shi ya sa gidajen masu sha'awar hoto da yawa ke da akwati mai ƙofar gilashi da ke aiki da lantarki, yana riƙe danshi tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari.

Kyamarar da ba ta samu wannan gata ba, ƙarshenta kwandon kayan da suka lalace. Irin waɗannan kwanduna suna nan a shagunan Hard Off, da na unguwar Shinjuku, da Fujiya Camera da ke Nakano, ana sayar da kayan cikinsu da araha ba tare da wani garanti ba. Mai saye kan ɗaga kyamara ya fuskanci fitila, ya kanne ido ɗaya ya leƙa ta tagar leƙe. Nikon F ce ta 1959 ko Pentax SP ta 1964, abin da yake nema ɗaya ne: ya gane ko ƙura ce kawai, ko kuwa ciwon ya yi nisa.

A gida ake zaman aikin. Ana shimfiɗa farin ƙyalle, a ajiye faranti mai gida-gida don ƙananan kusoshi, a riƙa ɗaukar hoton kowane mataki da waya kafin a cire murfin sama. Iska ce farko, daga ɗan famfon roba, don tsakuwa guda da ta maƙale ta isa ta ja layi a gilashi. Sai a fere tsinken cin abinci na katako ya yi faɗi, a naɗe bakinsa da siririyar takardar goge gilashi, irin wadda kamfanin Nikon ke sayarwa, a ɗiga mata sinadarin itanol marar ruwa. Hannu kan fara daga tsakiya, ya zagaya a hankali har ya fita gefe. Takarda ɗaya shafa ɗaya ce, sai a yar a naɗa sabuwa.

Gwanintar dai tana wurin sanin inda za a janye hannu. Faifan da ake saita hoto a kansa galibi na roba ne mai ƙananan layuka, sinadari na iya mai da shi fari fat, don haka iska kaɗai ake hura masa. Madubin ciki kuwa a fuskarsa aka shafa ƙarfen da ke mayar da haske, yatsa ma na iya ɓata shi.

Babban abin takaici shi ne baƙin soson da masana'antu suka liƙa don tare haske. Bayan shekaru yakan narke ya koma danƙo. A Olympus OM-1 ta farkon shekarun 1970, soson yana kwance kan dunƙulen gilashin da ke miƙe hoto, sai ya ci rufinsa ya bar tabon da ba ya gogewa. Wanda ya san kan abin, da ya sayi irin wannan kyamara yake buɗe ta ya kankare soson tun bai yi ɓarna ba.

Duk wannan dattin na tagar leƙe ba ya fita a hoto, tunda madubin kan ɗaga sama kafin haske ya isa fim. Amma mutum zai ƙarar da yammacinsa a kai, kuma ya cancanci yabo. Japanawa mutane ne masu girmama kayan aiki: ranar 8 ga Fabrairu, a haikalin Sensoji, masu ɗinki kan soka karyayyun allurai cikin awara mai laushi don gode musu.

Mai karatu, in akwai kyamarar mahaifinka a ƙasan akwati, ka ciro ta ta sha iska a inuwa, kuma kada ka goge madubinta da bakin riga.