Yaron da ake wa kallon daƙiƙi a tsangaya, wataƙila kunnensa ne ba ya ji

Daga Sabon Ibadan, Agege, Shagamu da Onica, har gobe akwai iyayen da ke ɗaukar ɗansu su kai shi Gabas neman karatun Alƙur'ani, kuma Maiduguri na cikin garuruwan da ke karɓar irin waɗannan yara. Sai a shekara biyu uba bai sa ɗansa a ido ba, waya kawai. In an tambayi alaramma ya karatu, wani lokaci amsar ita ce: yaron ba ya riƙewa, ga taurin kai, ana kira ba ya amsawa. To jama'a, kafin a yanke masa hukunci, a fara duba kunnensa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan miliyan 34 ne a duniya ke fama da raunin ji mai tsanani, kuma kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara abu ne da ake iya kaucewa.

Karatun allo kuwa da kunne ake yin sa. Malam ya biya, yaro ya ji ya maimaita, daga nan a je ga hadda. Wanda jinsa ya ragu yana jin muryar malam, amma siraran sautuka irin su sin, shin da fa suna kuɓuce masa. Ga kuma hayaniyar yara masu yawa, kowa na ɗaga murya a kan nasa allon. Sai ya riƙa karanta kuskure, a gyara masa, ya sake, bulala ta biyo baya.

Babban abin da ke jawo wannan shi ne ciwon kunne mai zubar da ruwa. Akwai wata 'yar hanya da ta haɗa maƙogwaro da cikin kunne, a jikin yara gajera ce. In mura ta kama yaro, musamman lokacin hunturu da ƙura, ƙwayoyin cuta kan bi ta nan su taru a bayan dodon kunne, mugunya ta cika wurin har dodon ya huje. Da ya huje zafin sai ya lafa, shi ya sa ake zaton an warke, alhali ciwon yanzu ya zauna. Kwana a cunkushe cikin zaure ɗaya, ƙarancin abinci, da wanka a kogin Ngadda ko kududdufi duk suna ƙara masa ƙarfi. Kunnen da ya wuce mako biyu yana zuba ya zama na asibiti, domin ciwon na iya cin ƙashin bayan kunne, har ya kai ga ƙwaƙwalwa.

Na biyu su ne sanƙarau, ƙyanda da hangum. Borno na cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa lokacin zafi, kuma manya ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Arewa. Cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau, kusan ɗaya kan fita da wata nakasa, kurumta na cikin waɗanda suka fi yawa. Irin wannan tana lalata can cikin kunne ne, ba ta dawowa. Maganinta rigakafi. A 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kariya daga nau'i biyar na cutar.

Sai kuma abubuwan da mu da kanmu muke jawowa. Mari ɗaya a kan kunne ya isa ya fasa dodon kunne. Sakace da tsinken ashana ko gashin kaza yana tura dauɗa ciki ta toshe hanya. Ɗiga man ja ko ruwan ganye a kunnen da ya riga ya huje ƙara masa ciwo ne. Allurar jentamaisin da ake yi a kemis ba da umarnin likita ba tana iya kashe ji gaba ɗaya. Zama dab da lasifika a wajen taro ma yana ci a hankali. A Maiduguri kuma akwai yaran da ƙarar fashewar bam ta taɓa kunnuwansu a shekarun rikicin da ya faro a 2009.

Ya za a gane? Yaro ya riƙa cewa "na'am?" sau biyu sau uku, yana karkato kunne ɗaya, yana kallon bakin mai magana, ko kunnensa na wari. Gwaji mai sauƙi: ka tsaya a bayansa nisan kamu biyu, ya toshe kunne ɗaya, ka raɗa kalmomi ya maimaita, sannan a juya ɗaya kunnen. In ya kasa, a nufi asibiti.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa. In yaro ya zo hutun Sallah nan Kudu, UCH Ibadan da LUTH da ke Idi-Araba suna da irin wannan sashe. Dauɗar da ta toshe kunne ana cire ta a zama ɗaya, kunne mai ruwa kuma yakan bushe da tsaftacewa da maganin ɗigawa na likita. Wanda jinsa ya riga ya ragu, akwai na'urar ƙara ji.

Ku iyaye, kafin ku miƙa yaro, ku tabbata an kammala masa rigakafi. Ku bar wa malam kuɗin asibiti daban da na abinci, kuma duk sanda kuka kira ku tambayi lafiyar kunnen da sunansa. Alarammomi da gardawa, don Allah a zaunar da mai raunin ji kusa da malam, a fuskance shi in ana biya masa, a kuma raba hannu da fuskar yara. Amana ce aka ba ku. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su Alƙur'ani da lafiya.