Ko Kun Sani? Tsohuwar Waya da Fitilar Cikin Silin

Kowace wayar lantarki tana da iyakar zafin da robar jikinta za ta iya jurewa. A Amurka, galibin gidajen da aka gina kafin 1985 an ja musu wayar da iyakarta digiri 60 ce a ma'aunin Salshiyas. Dokar lantarki ta ƙasar ta 1984 ce ta ɗaga wannan iyaka zuwa digiri 90, kuma ana gane sabuwar wayar da alamar NM-B a jikin rigarta.

Fitilar da ake nutsawa cikin silin tana tara zafi, domin iska ba ta ratsa ta sosai. Shi ya sa da yawa daga cikin irin waɗannan fitilu ke ɗauke da rubutun gargaɗi cewa sai da waya mai jure digiri 90. Idan aka haɗa su kai tsaye da tsohuwar waya, a hankali robar takan bushe ta yi tauri, har ta riƙa marmashewa a hannu, jan ƙarfen ya fito tsirara. Daga nan gobara na iya tashi.

Maganin ba sai an sake wayar gidan duka ba. Ƙwararren mai aikin lantarki yakan kafa akwatin haɗi nesa da zafin, inda hannu zai iya kaiwa, sannan ya ja guntuwar sabuwar waya zuwa fitilar. Fitilar LED ba ta zafi kamar tsohon ƙwan lantarki, amma duk da haka rubutun jikinta shi ne abin bi.