Luguden Tal National

Wanda ya tashi a Garu ko Limawa cikin Dutse ba sai an gaya masa gobe biki ba, turmi ne ke sanar da shi. Mata uku ko huɗu a kan turmi guda, kowacce da taɓaryarta. Wannan na sauka waccan na tashi, ta uku ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe. Kowacce da nata bugun, amma taɓarya ba ta karo da 'yar'uwarta. Da hannun ɗaya ya gaji sai wata ta matso, "Yaya, kawo in karɓe ki," gero na ta dakuwa, turmi bai yi shiru ba.

Wannan luguden na tuna ranar da na fara jin Tal National a wayar ƙanena. 'Yan Yamai ne, ta Jamhuriyar Nijar. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ƙungiyar a 2000. Alƙali ne da rana, mai jita da dare, kuma ya taɓa buga ƙwallo. Ya tara Bahaushe da Bazabarme da Bafulatani da Buzu, suna waƙa da harsunansu, kowa ya zo da kiɗan gidansu.

Jin farko sai ka ce rikici ne. Jita na gudu kamar an biyo ta, mai ganguna na bin wata hanya daban, kalangu na kutsowa tsakani. Ka dai saurara kaɗan. Can sai ka ji duk sun sauka wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kamar taɓare a gindin turmi. Kafin ka gama gyaɗa kai sun karya kiɗan, sun ɗauki wani. Da faifansu Kaani ya fita duniya a 2013 ta hannun kamfanin FatCat na Ingila, masu sharhi a Turai da Amurka sun yi ta mamakin yadda ake lissafa irin wannan bugu. Ni ban ji baƙon abu ba. Innata ba ta taɓa ƙirga bugun taɓarya ba, a jikinta yake. Zoy Zoy ya biyo baya a 2015, Tantabara a 2018, zafin bai ragu ba.

Wasansu a Yamai ya fi komai kama da daka. An san su da dare biyar a mako, awa biyar a jere ba hutu. Mutum ɗaya ba zai iya ba, shi ya sa suke da yawa: mai ganga ya jiƙe da gumi, wani ya zauna a kujerarsa, masu rawa ba su ma lura ba. Har sukan rabu gida biyu su yi wasa a wurare biyu a dare guda.

Abin da ke damuna shi ne injin niƙa ya kusa kashe mana lugude, samarinmu kuma sun jingina da kiɗan kwamfuta mai bugu ɗaya tilo. Ku masu situdiyo a Dutse, akwai gidajen da har yanzu ake daka a Kiyawa da ƙauyukan Shuwarin. Ku je da na'urarku ranar jajibirin biki, ku gaida iyaye mata, ku nemi izini, ku ɗauko bugun nan.