Jirgi Mai Sarƙar Filafilai: Ina Gurbinsa a Kogin Kaduna?

Wanda ya ga Kogin Kaduna a watan Satumba kaɗai, idan ya dawo a watan Maris da wuya ya gane shi. Da damina ruwa ne jajir mai ƙarfin gudu, ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa, wani lokaci ya haura ya shiga gidajen mutane. Da rani kuwa sai duwatsu su fito fili, tudun yashi ya raba ruwan gida biyu ko uku, har a samu wuraren da bai kai gwiwa ba. Daga Rafin Guza zuwa Malali, Unguwan Rimi da Kabala, masu fito da masunta da masu ɗibar yashi suna aiki ne da kwalekwale da filafili da doguwar sanda, domin injin mai farfela yana son zurfi, kogin kuma ba kullum yake bayarwa ba. Irin wannan ruwa shi ne ke sa masu ƙere-ƙere a ƙasashe da yawa komawa ga wata tsohuwar dabara: a jera filafilai a jikin sarƙa mai zagayawa, inji ya riƙa juya ta, ita kuma ta tura jirgi. Matsayina a wannan maƙala shi ne, dabarar ba ta dace da jirgin fito ko na fasinja a Kaduna ba, kuma dalilan da suka kayar da ita shekara ɗari biyu da suka wuce sun fi ƙarfi a koginmu. Amma akwai aiki guda da za ta iya yi mana, wanda ya cancanci a gwada.

Ya kamata a fara yi wa dabarar adalci, domin masu tunaninta ba wawaye ba ne. Tsoffin jiragen tururi suna tafiya ne da babbar ƙafa mai juyawa a gefe ko a baya, an kakkafa mata alluna. Matsalar ƙafa ita ce kowane allo yana shiga ruwa a karkace, ya fara da marin ruwan ƙasa, sai ya zo daidai tsakiya ne kawai yake tura shi baya sosai, sannan wajen fita ya ɗebo ruwa ya watsa sama. Marin farko da ɗagawar ƙarshe duk ƙarfin inji ne ke tafiya a banza. Sai aka ce, to me zai hana a sa ƙafafu biyu masu haƙora, ɗaya gaba ɗaya baya, a zagaya su da sarƙa kamar ta katafila, a kafa allunan a jikinta? Ta haka layin ƙasa zai ratsa ruwa a miƙe, kowane allo a tsaye, yana tura ruwa baya kai tsaye tsawon tafiyarsa, layin sama kuma ya dawo ta cikin iska. Ba a bukatar zurfi, tafin hannu biyu ko uku ya isa. Akwai kuma ƙa'idar da duk injiniyan ruwa ya sani, cewa tura ruwa mai yawa a hankali ya fi tattalin mai a kan tura ruwa kaɗan da sauri. A kan takarda, sarƙa ta cika waɗannan sharuɗɗa duka. Ba baƙuwa ba ce ma ga aikin ruwa, domin manoman ƙasar Sin sun yi kusan shekara dubu biyu suna jan ruwa zuwa gonakin shinkafa da sarƙar alluna da ke bi ta cikin kwami na katako.

Tarihi ya nuna mutanen farko da suka yi fafutukar jirgin tururi sun bi ta wannan hanya, kuma sun juyo. A shekarar 1785 John Fitch ya gabatar wa ƙungiyar masana ta birnin Filadelfiya a Amurka ɗan samfurin jirgi mai sarƙar filafilai a gefensa. Da aka zo gwaji a ruwa sai ya watsar da ita, jirgin da ya nuna a Kogin Delaware a watan Agusta na 1787 yana tafiya ne da filafilai goma sha biyu masu kwaikwayon tuƙin hannu, shida a kowane gefe. A Faransa, wani maƙerin agogo mai suna Desblancs ya yi rajistar irin wannan sarƙa a 1802, ya gwada ta a Kogin Saône, ba ta kai shi ko'ina ba. Robert Fulton da kansa, a wannan shekarar, ya yi gwaje-gwaje da ƙaramin samfuri a garin Plombières, har da fari ya karkata ga sarƙa. Amma jirgin da ya saka a Kogin Seine a 1803 ƙafa yake da ita, haka ma wanda ya tashi daga Niyu Yok zuwa Albany a 1807, ya ci mil 150 cikin awa 32, ya buɗe zamanin jiragen tururi na haya. Mutum uku, ƙasashe biyu, kowa da basirarsa, amma babu wanda sarƙa ta yi wa rana. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Dalili na farko yana cikin ruwan kansa, kuma shi ne wanda masu sha'awar dabarar suka fi mantawa. Ido yana ganin allo goma a cikin ruwa, sai zuciya ta ce ƙarfi ya ninka goma. Ba haka abin yake ba. Allunan suna bin juna ne a layi ɗaya da gudu ɗaya. Wanda ya fara shiga ya riga ya tura ruwan ya sa shi tafiya, na bayansa ya zo ya tarar da ruwan da ke gudu tare da shi, babu sauran abin da zai dogara a kai. Ruwan da ke tsakanin allo da allo yana tafiya ne a dunƙule, kamar an ɗaure shi. Sakamakon haka aikin gaske allo ɗaya ko biyu ke yi, sauran suna ƙara nauyi da gogayya kawai. Abin da ya sa sarƙar manoman Sin take aiki shi ne kwami ya tsare ruwan ta gefe da ƙasa, kuma buƙatarsu ita ce a ɗauki ruwan a kai shi wani wuri. Jirgi kuwa bukatarsa ya samu sabon ruwa mai nauyi ya tokara.

Dalili na biyu shi ne mahaɗai, kuma nan ne Kogin Kaduna ke yanke hukunci. Babbar ƙafa gatari ɗaya gare ta, farfela ma sanda ɗaya, ana iya rufe wurin juyawarsu a cika shi da giris. Sarƙa kuwa kowace ɗiya tata mahaɗa ce mai ƙusa, ɗaruruwa, kowacce tana lanƙwashewa sau biyu a kowane zagaye, tana nutsewa a ruwa tana fitowa iska. Ruwa ya wanke giris, iska ta kawo tsatsa. Ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan Jos da damina cike yake da rairayi da laka, shi ya sa ma ɗibar yashi ta zama sana'a a bakinsa. Duk mai babur ya san abin da ƙura ke yi wa sarƙarsa a busasshiyar hanya, balle a ce ta yini tana wanka a ruwan yashi. Ƙusoshi za su cinye, sarƙar ta saki, ta fara tsallake haƙora. Ga reshen itace da leda da tsumma da ruwa ke kwasowa daga magudanan gari, ɗaya ya shiga tsakanin sarƙa da haƙori ya isa. Mafi muni, ƙafa idan allo ɗaya ya karye tana ci gaba da juyawa har a kai gaɓa, sarƙa kuwa ɗiya ɗaya ta tsinke, komai ya tsaya. Jirgi cike da mata da yara a tsakiyar ruwan Agusta ba wurin irin wannan caca ba ne.

Wani zai ce, na ji, amma ai farfela ma ba ta iya koginmu da rani, dutse ɗaya ya isa ya karya ta. Gaskiya ne, kuma tun zamanin Turawa aka san haka. Lokacin da Gwamna Lugga ya zaɓi Zungeru ta zama hedikwatar Arewa, jiragen da ke hawowa daga Neja ba sa iya kaiwa can, sai da aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Wushishi a 1901, aka ƙara ja da shi ƙasa zuwa Barijuko saboda ko Wushishin ma ba kullum ruwa ke kai jirgi ba. Wannan fa can ƙasan kogi ke nan, inda ya fi girma. Daga baya layin dogo na Baro ya isa Kano a 1911, hedikwata ta dawo Kaduna a 1917, kuma dogo ne ya raya garin, ba jirgin ruwa ba. Yau ga madatsar Shiroro da ta Zungeru sun tare hanya, don haka maganar doguwar tafiya daga Kaduna zuwa Neja ba ta ma taso ba. Abin lura shi ne, kamfanonin da suka yi sufuri a Neja da Binuwai sun sha fama da ƙarancin ruwa da tudun yashi, amsar da suka samu kuma ita ce jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi da ƙafa a baya. Aibin marin ruwa ma an magance shi tun 1829, lokacin da Elijah Galloway ya fito da ƙafar da allunanta ke gyara tsayuwa da kansu yayin shiga da fita. Wato an samu babban amfanin sarƙa ba tare da ɗaukar wahalarta ba.

Wani kuma zai kawo hujjar zamani: yanzu akwai ƙarfen da ba ya tsatsa, akwai bel na roba mai ƙwari, akwai injin lantarki. Wannan ya rage matsalar mahaɗai, na yarda, ko da yake kayan daga waje za a sayo su da tsada, kuma mai fito da ke karɓar kuɗin tsallakawa kaɗan-kaɗan ba zai iya maye su ba in sun lalace. Amma babu robar da za ta canza ɗabi'ar ruwa. Allo na biyar zai ci gaba da bin ruwan da na farko ya riga ya kora.

Inda sarƙa ta yi nasara shi ne inda ba a san ko ruwa ne ko ƙasa ba. Bayan guguwowin da suka hallaka dubban mutane a jihar Fulorida, musamman ta 1928, Donald Roebling ya ƙera wata mota ta ceto mai iyo, wadda sarƙarta ke taka ƙasa a tudu, haƙoran jikinta kuma su zama filafilai a ruwa. Ta farko, a 1935, gudunta a cikin ruwa ko tafiyar ƙafa bai kai ba. Ya yi ta gyara, mujallar Life ta buga hotunanta a 1937, sojan ruwan Amurka suka gani, kuma kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare an ƙera fiye da 18,000 na jikokinta. Gudunsu a ruwa bai wuce kilomita 12 a awa ba, suna shan mai sosai, har waɗanda aka ƙera daga baya sai da aka ƙara musu injin feshin ruwa. Ba don sauri ko tattali aka so su ba. An so su ne domin suna fitowa daga ruwa su hau taɓo, su haye dutse, su sake faɗawa ruwa ba tare da an sauke kowa ba. A kan wannan tsari ne manyan motocin haƙa masu iyo ke aiki a fadamun Neja Delta a yau.

To, wannan shi ne kamannin ambaliya a Kaduna. Waɗanda suka ga ta 2003 da ta 2012, da mazauna Kigo Road da sauran unguwannin bakin kogi da ruwa ke yawan shigar wa, sun san yadda layi ɗaya ke zama: nan ruwa iya ƙirji, gaba kaɗan iya idon sawu, ga katangar da ta faɗi, ga kwalbatin da ba a gani. Mota ba ta shiga, kwalekwale yana maƙalewa, farfela kuwa ba ta da wurin juyawa. Tsoho marar lafiya da mai jego sai a goya su. Abin hawa mai sarƙa, ko da a hankali yake tafiya, nan ne zai biya kuɗinsa, kuma tun da 'yan kwanaki ne a shekara zai yi aiki, cinyewar ƙusoshi ba za ta zama babbar damuwa ba, akwai watannin rani na wankewa da shafa giris. Sharaɗi ɗaya ne ba za a yi wasa da shi ba: kada a tura shi cikin tsakiyar kogi lokacin da ruwa ke gudu, domin ba shi da ƙarfin da zai yi jayayya da igiyar Satumba. Aikinsa cikin unguwa ne.

Kaduna na da duk hannun da ake bukata a arewacin kogi. Ga sashen injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, ga maƙera da masu walda na Panteka waɗanda ƙarfe ba ya gagararsu. Kirana ga hukumar agajin gaggawa ta jiha shi ne ta haɗa su, a ƙera ƙarami guda ɗaya mai ɗaukar mutum shida ko takwas, a gwada shi da rani a kan yashi da kududdufan bakin kogi a Gamji, a auna man da yake sha da nauyin da yake ɗauka kafin damina ta sauka. Masu fito kuma a bar su da kwalekwalensu, a taimaka musu da rigunan kariya daga nutsewa, a kuma hana lodin da ya wuce ƙima.